Zaki a Bayan Kujera

Sunan unguwar Rijiyar Zaki ma ya isa darasin farko ga mai son koyon sana'ar haɗa sauti. Leƙa rijiya ka yi magana, muryarka za ta dawo maka da kauri, kamar ta wani ƙato da ya fi ka faɗin ƙirji. Zaki kuwa in ya yi ruri da dare akan ji shi daga nisan kilomita 8, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kejinsa a gidan zu na Audu Bako ya san har kayan ciki suna amsa wannan ruri. To rami mai riƙe iska, da murya mai kauri da za ta girgiza iskar, su ne abubuwa biyun da masu haɗa sauti na Rijiyar Zaki ke cusawa a bayan kujerar Adaidaita Sahu ko a cikin but ɗin mota.

Rijiyar Zaki tana ƙaramar hukumar Ungogo, a kan titin Gwarzo, tsakanin Kabuga da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Dattawa sun san ta da gonakin gero da dawa da gyaɗa. Yau bulo ya cinye mafi yawansu, sai ka kutsa can baya kafin ka ga karan dawa a tsaye. Abin da kullum ƙaruwa yake shi ne zirga-zirga: ɗalibai, 'yan kasuwa, motocin Gwarzo da Malumfashi da Funtuwa, sai 'yan sahu kamar fara. Babur ɗin nan mai ƙafa uku ya samo sunansa daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo shi a 2005 don ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai dubban matasa suka koma kansa. Saurayin da zai wuni a kan kujera ɗaya yana neman kuɗin balas kuwa, dole ya so abin ɗebe kewa. Ta nan kasuwar masu haɗa sauti ta buɗe.

Mai rumfar da na fi zama wurinsa ba ya son a ce masa injiniya. Da gyaran rediyo mai kaset ya fara, ya yi zaman shagon rewaya, aikin kafinta kuwa dole ce ta koya masa. In ɗan sahu ya zo ya ce, "Oga, so nake tun daga Kabuga a san na taho," ba ya ko ɗaga kai daga abin da yake yi. Tambaya ɗaya yake jefa masa: "Ƙara kake so ko nauyi?" Mafi yawansu sai su yi shiru, don a zatonsu abu ɗaya ne. Ƙara tana da arha. Ƙahon lasifika irin na Ahuja da ake ɗaurawa a masallaci ko a kan motar mai maganin gargajiya zai cika layi guda da ɗan ƙaramin batir. Nauyi shi ne wahala, wato wannan sauti mai kauri da samari ke kira bes, wanda kake fara ji a ƙirji da tafin ƙafa tun ba ka gane waƙar wa ake yi ba.

Sauti dai motsin iska ne. Faifan nan da ke gaban lasifika, wanda masu sana'ar ke kira kon, ni kuma nake ce masa fata don aikin fatar ganga yake yi, yana tura iska gaba ya jawo ta baya. In ya yi haka sau 4,000 a sakan ɗaya, ka ji siririn sauti irin kukan gyare. In sau 40 ne kawai, ka ji gurnani. Wannan ƙidayar ita ake kira Hertz, kuma lafiyayyen kunne yana kamawa daga wajen 20 har zuwa 20,000. Sauti na cin mita 343 a sakan, ya ma ɗan fi haka in ana zafi irin namu. Raba wannan gida 40, za ka ga taku ɗaya na gurnanin nan ya kusa mita 9, kusan ninki biyu na tsawon ƙaramar mota, alhali na gyare bai wuce tsawon yatsa ba. Mai taku irin wannan ina katanga za ta tare shi? Zagaye ta yake yi, ko ya girgiza ta ya wuce. Shi ya sa in ana biki a can ƙarshen layi muryar mawaƙi ba ta isowa ɗakinka, sai dum, dum, dum kawai.

Sannan kunnenmu yana da son kai. Ya fi kama abin da ke tsakanin 2,000 da 5,000, inda kukan jariri ya fi kaifi. Tun a 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna yadda kunne ke yin nauyi in sauti ya yi ƙasa. A can wajen 20, sai ƙarfinsa ya kai kusan desibel 70 kafin ma ka san ana yin wani abu, ƙarfin da in a tsakiya ne ya fi hirar mutane. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ka sauko rabi, misali daga 80 zuwa 40, sai fatar ta ture iska ninki huɗu kafin ƙarfin ya tsaya inda yake. Ke nan mai neman nauyi sai ya motsa iska mai yawa, kuma ya motsa ta cikin tsari. Duk gwanintar a nan take.

Ɗauki wufa, wato babbar lasifikar da ke fitar da nauyi, mai inci 12, ko ta nawa ce, ka jona ta a fili babu akwati. Za ka ga fata na tsalle kamar za ta fice, nauyi kuwa babu ko na anini. Lokacin da gabanta ke tura iska bayanta ja yake yi, sai iskar gaba ta zagayo ta cike gurbin baya, kamar mai haƙa rami yana mayar da ƙasar ciki. Aikin akwati na farko shi ne ya raba gaba da baya. Na ga samari sun ɗaura wufa mai tsada a jikin kwali ko a bakin tsohon bokiti suna ta zagin kamfani, alhali kamfani bai yi musu laifin komai ba.

Akwati iri biyu ne a wajen yawancin masu wannan aiki. Akwai rufaffe ruf, wanda iskar cikinsa ke zama kamar matashi a bayan fata, ta tura ta dawo da ita. Ga wufa mai inci 12, cikinsa kan kai wajen lita 30, jarka ɗaya da ɗan ƙari. Sautinsa a ɗaure yake, kowane bugu ya fito ya tsaya cak, ba ya jan jela. Sai kuma mai hanci, wanda ake buɗe wa ƙofa a sa bututu ko a yi masa lungu da katako. Shi ya fi girma, yakan ci jarka biyu, kuma shi samari suka fi so don ya fi tsawa.

Wannan hancin shi ne abin da ya fi burge ni a duk sana'ar. Duk yarinyar da ta taɓa zuwa ɗiban ruwa ta san in ka bugi bakin tulu da tafin hannu yana cewa bum, in kuma ruwa ya ƙaru a ciki muryar sai ta sirance. Iskar da ke wuyan tulun ce take lilo a kan iskar da ke cikinsa, kuma girman ciki da tsawon wuya su ke yanke saurin lilon. Wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya yi bayanin wannan a ƙarni na 19. A 1961 wani injiniya a Ostareliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin yadda za a daidaita akwati da lasifika, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, har yau kuma da sunayensu biyu ake kiran alƙaluman da manyan kamfanoni ke bugawa a takardar wufa. Mutumin namu bai taɓa jin sunansu ba. Wufar da ake kawo masa ma sau da yawa ta hannu ce daga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ba takarda ba kwali. Amma ya san in ya ƙara wa hanci tsawo murya za ta yi ƙasa, in ya faɗaɗa shi za ta hau, in ya matse shi da yawa iska za ta riƙa huci kamar mai fuka.

Ga yadda yake gane inda akwati ya tsaya. Yakan kwantar da shi fata na kallon sama, ya barbaɗa ƙwayoyin gero kaɗan a kanta, ya sa yaron shago ya kunna wata manhaja a waya mai fitar da sauti guda ɗaya tak, yana saukowa da shi sannu a hankali. A 70 gero na rawa. A 60 yana tsalle. Ana nan ana saukowa sai a zo wani wuri da geron zai lafa kamar an kashe wuta, amma in ka kai hannu bakin hanci iska na dukan tafinka kamar zugazugin maƙeri. Nan ne muryar akwatin. A daidai nan fata hutawa take yi, iskar hanci ce ke ɗauke da aikin. Ranar da na fara gani sai da na duba ko waya ce ta cire. In wurin bai yi masa ba, sai ya zare bututu ya rage da zarto, ko ya sako mai tsawo, a sake zuba gero. Yakan yi haka sau huɗu, sau biyar, mai babur na tsaye yana duba agogo. Ya kuma san haɗarin da ke ƙasa da wannan wuri, inda akwati ke sakin fata ta riƙa fizga babu mai riƙe ta har ta yage, don haka yakan murɗa wani ɗan maɓalli a jikin amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ya datse abin da ya yi ƙasa da yawa.

Katakon ma ba kowanne ba. Ya fi son MDF ko filawud mai kaurin milimita 18, don bangon akwati in ya yi rawa ya saci ƙarfin da ya kamata ya tafi iska, ya kuma ƙara wata murya tasa da ba a gayyata ba. Gam yake fara shafawa kafin sukuru, ya sa wa ciki tokara, ya bi kowace kusurwa ya toshe. Gwajinsa na ƙarshe da zare ne: ya riƙe shi yana bin gaɓoɓin akwati kiɗa na tashi, duk inda zaren ya kaɗa, iska na tsiyaya. Kafet da fitilu masu launi da samari ke mutuwa a kansu, su ne na ƙarshe a lissafinsa, yaro yake bar wa.

Wani abin da na koya a rumfar nan shi ne mota da Adaidaita Sahu ba ɗaya ba ne. Mota in an rufe gilasai ta zama akwati na biyu. Tunda takun gurnanin ya fi ɗakin motar tsawo, ba ya samun filin tafiya, sai ya koma matse iskar ɗakin gaba ɗaya yana saki, kamar kana zaune a cikin ganga. Wannan kyauta ce motar ke bayarwa, tana ƙara wa nauyi ƙarfi ba tare da an ƙara ko wat ɗaya ba. Babur mai ƙafa uku kuwa a buɗe yake hagu da dama, duk abin da ya yi ƙasa sosai iska ce ke kwashe shi. Saboda haka ba ya wahalar da kansa neman 30 a can. Yakan ɗaga muryar akwatin sama kaɗan inda bugun ganga yake, ya manna shi da bayan kujera ya ɗaure da ƙarfe, yadda bugun zai bi ta jikin babur ya shiga gadon bayan fasinja. Rabin nauyin da kake ji a sahu ta kujera yake zuwa. Wurin ajiye akwati a mota kuwa ba ya damunsa sosai ta fuskar kunne, don abin da ya yi ƙasa da wajen 80 mutum ba ya iya nuna inda yake fitowa. Shi ya sa ake jefa shi a but, a bar ƙananan lasifikoki a ƙofofi su riƙe muryar mawaƙi.

Sai maganar wuta, inda aka fi cutar mutane. Kwali zai ce wat 3,000 da manyan haruffa. Shi ba ya karanta kwali, fis ɗin da ke jikin amfilifaya yake dubawa. Mota in tana aiki wutarta wajen bolt 14 ce. In fis ɗin na amfiya 30 ne, 30 sau 14 ya ba ka 420, kuma na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta ci. Ragowar wat ɗin a bakin ɗan kasuwa suke. Wat 1,000 na gaskiya yana jan sama da amfiya 80 daga batir, abin da ya kusa cinye duk ƙarfin altanetar ƙaramar mota, balle ɗan cajin babur. In ka ga fitilar mota na lumshewa tare da bugun kiɗa, yunwa ce. Don haka yakan ce a ƙara batir, a sa waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, ba irin wadda aka shafa wa jan ƙarfe a baya cikinta alminiyom ba, a kuma sa fis kusa da kan batir. Wannan fis ɗin shi ne tsakanin mai mota da gobara, kuma shi ne abin da ba ya yarda a yi ciniki a kansa.

Da batirin tocila mai bolt 1.5 yake gane kan waya. Ya taɓa, in fata ta leƙo waje daidai ne, in ta shige ciki an juya. Wufa biyu in ɗaya na turawa ɗaya na ja, cinye juna suke yi, mai motar ya biya kuɗin biyu ya tafi da abin da bai kai na ɗaya ba. Ya kuma san wufa biyu masu om 4 in aka haɗa su kai da kai sun koma om 2, amfilifayar da ba ta iya ɗauka ba sai ta yi zafi ta ɗauke.

Abin da ya fi kashe lasifika kuwa hannun mai ita ne. Daga wutar da ke shiga kwayil, wato zaren wayar da aka naɗe a bayan fata, abin da ke zama sauti bai fi kashi ɗaya cikin ɗari ba, saura zafi ne. Tsarin nan na kwayil mai motsi a cikin maganaɗisu, wanda Rice da Kellogg suka fito da shi a Amurka a 1925, har yau bai rabu da wannan asara ba. In aka murɗa ƙara fiye da ƙarfin amfilifaya sai sauti ya fara tsagewa, zafi ya taru, ga kuma ranar Kano ta watan Afrilu da ke haura digiri 40. Samari a nan suke cewa yanzu ta fara daɗi. Bahaushe kuwa tuni ya ce in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Shi da hanci yake ganewa, yana jin ƙaurin nan ya san kwayil ya tafi. Ko a nan ma ba ya jefarwa. Yakan ɓare fata, ya kwance ƙonannen zare, ya naɗa sabo da hannu layi bisa layi, ya share ƙurar hunturu daga ramin maganaɗisu, ya saita kwayil a tsakiya da 'yan siraran takardu don kada ya goga, ya mayar. Aikin yini guda ne, kuma in ya karkace da kaurin gashi sai an sake.

To me ya sa mutum zai kashe kuɗin balas na mako biyu a kan wannan? Saboda jiki yana so. A ƙarƙashin fatarmu akwai 'yan ƙananan jijiyoyi da aikinsu jin karkarwa ne. Ƙirji kuma rami ne mai iska da bango mai motsi, in bugu mai kauri ya same shi amsawa yake yi. A can cikin kunne, kusa da inda ake ji, akwai sashen da ke riƙe mana daidaito kada mu faɗi, kuma wani mai bincike a Jami'ar Manchester, Neil Todd, ya nuna kiɗa mai kauri in ya haura wajen desibel 90 yana taɓa wannan sashe. Wato jiki na ɗaukar bugun a matsayin motsi, kamar ana lilo da kai. A 2022 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka yi wata dabara a wurin rawa: suka riƙa kunna wasu lasifikoki masu fitar da sauti na can ƙasa, tsakanin 8 da 37, suna kashewa, ba tare da 'yan rawa sun sani ba. Duk lokacin da aka kunna, motsin mutane ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari.

Mu dai ba sai an kai mu Kanada ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ana kaɗa shi a ƙofar fada ya san dalilin da ya sa aka keɓe shi ga sarauta, kwarjininsa a ciki ake jin sa. Matan da ke kifa ƙwarya a kan ruwa su buga, irin kiɗan da Barmani Choge ta yi suna da shi, akwati mai nauyi suka haɗa da kayan ɗaki. Luguden mata uku a turmi ɗaya ta ƙasa yake iso maka kafin ta iska. Kurma ma a gidan biki yakan taka rawa daidai da kowa. Makaɗiyar nan ta Sikotland, Evelyn Glennie, wadda ta kurumce tun tana yarinya, ba takalmi take hawa dandamali don ta ji kiɗanta ta ƙafa. Abin ma yakan wuce nishaɗi. Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya rubuta a 1998 yadda shi da abokan aikinsa suka riƙa jin tsoro da tashin tsigar jiki a ɗakin aikinsu, har ya ga kamar wata inuwa a gefen ido. Da ya bincika sai ya tarar wata fanka ce ke kaɗa iskar ɗakin wajen sau 19 a sakan, ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Da a nan ne, da tuni an kira mai ruƙiyya.

Akwai waɗanda suka mayar da abin gasa. A Amurka, tun shekarun 1990 ake yin wadda ake kira dB Drag Racing, inda ba a tseren gudu sai na ƙara. Ana cika mota da batura da wufa, a ƙarfafa jikinta da ƙarfe har da kankare, a sa gilashi mai kaurin gaske, a datse ƙofofi, a kunna sauti guda na 'yan sakanni daga waje, na'ura na aunawa a ciki. Zakarunsu sun haura desibel 180. A wannan mataki iska na dukan kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 2, tana saki, sau da dama a sakan ɗaya. Ba mai zama a ciki. Iyakar abin ma a kusa take, don a wajen 194 iskar duniya ba ta da sauran abin bayarwa, sauti ya tashi daga sauti ya koma bugun fashewa. A ƙananan motocin nuni kuwa akan sa mace ta zauna kusa da taga a ga gashinta na tashi sama. Ni wannan bai burge ni kamar geron nan da ke lafawa ba. Motar da ba ta iya rera waƙa, ba a kuma iya zama cikinta, ban san me ya rage mata na mota ko na rediyo ba. Gara mutanen Salvador ta Brazil, inda a 1950 wasu makaɗa biyu, Dodô da Osmar, suka ɗora lasifika a kan tsohuwar Ford suka bi titi jama'a na biye da su. Su ko ba komai don mutane suka yi.

Jiki kuma yana da iyaka. A 2004 likitoci a Beljiyam suka ba da rahoton samari huɗu da huhunsu ya sace yayin da suke cikin kiɗa mai tsananin ƙarfi, ɗaya daga cikinsu a motarsa yake, da akwatin wat 1,000 a bayansa. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Wanda ke faruwa kullum, shiru-shiru, shi ne na kunne. A cikin kowane kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, kafin ka kai 100 saura minti 15. Fasinja zai sauka a Kabuga. Ɗan sahu kuwa yana nan ciki har dare, gobe ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron kiɗa. Wannan shuuu da ke rage maka a kunne bayan ka kwanta, kukan waɗancan ƙwayoyin ne.

A nan ne na ƙara ganin girman mai rumfar nan. Siririn sauti mai kaifi ya fi saurin cin kunne, kuma shi ne samari ke ƙarawa in nauyi ya gaza, su jera tuwita, ƙananan lasifikokin siririn sauti, har shida a saitin kan direba. Shi kuwa in akwati ya zauna daidai, sai ya rage na saman, ya kawar da su daga saitin kunne, ya ɗaure maɓallin amfilifaya a inda ko an murɗe rediyo har ƙarshe sauti ba zai tsage ba. Gwajinsa mai sauƙi ne. Yakan zauna a kujerar baya ya ce wa mai babur, "Yi mini magana yadda ka saba." In sai an ɗaga murya kafin a ji juna, bai gama ba. Ƙirji ya ji bugu, baki kuma ya yi ciniki da fasinja ba ihu. Wasu suna fita su je wani wuri a kwance musu abin da ya ɗaure. Bayan wata biyu sai ga su da ƙonannen kwayil a leda, "Oga, ka taimaka."

Ba zan ce maƙwabta ba su da hakki ba. Dokar hana yawan ƙara tana nan, hukumar NESREA ta fitar da ita tun 2009, amma mai jinya da mai jego da mai haddar dare ba su ga amfaninta ba tukuna. Da dare in ƙasa ta huce, sauti kan lanƙwaso ƙasa maimakon ya tashi sama, iska kuma ta fi cin siririn sauti ta bar mai kauri, shi ya sa a hunturu bayan an yi girbi, in ka tsaya a gonakin bayan Rijiyar Zaki, za ka ji gurnanin wani biki da ba ka san ko a wace unguwa ake yi ba. Na taɓa yi masa wannan ƙorafi. Ya ce shi ma a gidan haya yake, jaririyarsa ma ba ta barci, kuma duk wanda ya haɗa wa sauti sai ya ce masa ya kashe in ya zo masallaci ko asibiti ko inda ake zaman makoki. Masu ji suna ji.

Muna cikin wannan magana, bayan la'asar, sai wani ɗan sahu ya wuce ta ɗaya hannun ya nufi jami'a, waƙar Hamisu Breaker na tashi. Motoci na hon, injin markaɗe na kuka a bayanmu. Ya dakata da sukudireba a hannu, ya karkata kai.

"Malam, wannan nawa ne," in ji shi. "Na bara. Amma sukuru ɗaya ya kwance ta baya, ba ka ji yana zizza ba?"

Ni ban ji komai ba. Ya juya wajen yaron shago. "Kai, in ya dawo ka tare shi. Ka ce ya shigo minti biyar, ba sai ya biya ba."